Mai Shiga Gidan Mutane Ya Fara Sanin Al'adarsu

Akwai wani aiki da mu ɗaliban harshe ba mu cika sa shi a lissafi ba idan ana maganar abin yi bayan karatu. Mukan ambaci koyarwa da aikin jarida da fassara, mu tsaya nan. Aikin da nake nufi shi ne na jami'in jin daɗin jama'a, wanda ake turawa gidaje ya duba halin da yara suke ciki. Yayata ce take yin sa a birnin New York, kuma hirarrakinmu ne suka sa na bi tarihinsa a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka.

A can, idan malamin makaranta ko likita ko maƙwabci ya kai ƙarar ana cutar da yaro, hukuma takan aika jami'i ya ƙwanƙwasa ƙofa. Zai buɗe firji, ya duba makwancin yara, ya yi musu tambayoyi. Abin da ya rubuta yana iya sa kotu ta raba ɗa da uwarsa. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin ɗari na yaran baƙaƙen fata sai an binciki gidansu kafin su cika shekara 18. Galibin ƙararrakin kuwa na sakaci ne, kuma sau da yawa abin da ake kira sakaci talauci ne: uwa ta tafi aikin dare ba mai raino, ko an yanke wuta saboda bashi.

Baƙaƙen fata ba su zuba ido ba. A 1965 rahoton Moynihan ya nuna iyalinsu a matsayin rusasshen gida. A 1968 jami'ai baƙaƙe suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a San Francisco. A 1972 masani Robert Hill ya fitar da littafi yana lissafa abubuwa biyar da suka riƙe waɗannan iyalai: ƙarfin zumunci, da riƙon sana'a, da yadda kowa ke iya ɗaukar nauyin wani a gida, da son ci gaba, da riƙon addini. Ma'anar wannan ga jami'i ita ce, kafin ya yi tunanin ɗauke yaro, ya fara tambaya ina kaka, ina inna, ina mutanen coci ko masallaci. Wani shiri mai suna Homebuilders, da aka fara a Tacoma a 1974, ya ƙara nuna cewa za a iya taimakon iyali a cikin ɗakinsu: jami'i ya riƙe gida biyu kacal na 'yan makonni, a kira shi dare ko rana. A 2018 aka yi doka da ta ba jihohi damar kashe kuɗin tarayya wajen irin wannan rigakafi.

To ina ruwan ɗalibin Hausa? A unguwar Bronx akwai Hausawa da mutanen zangunan Gana masu yawa, kuma ƙofarsu ma ana ƙwanƙwasa ta. Yayata takan ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne rahoton da aka rubuta da kyakkyawar niyya amma cikin rashin sani. Uwa ta ƙi kiran sunan ɗanta na fari, ta ƙi wasa da shi a gaban baƙo, sai a rubuta cewa ba ta ƙaunarsa, alhali kunya ce. Yaro ya sunkuyar da kai yana magana da babba, a ce tsoro ne, alhali ladabi ne. A tarar da yarinya a hannun goggonta ba takarda, a fara zargi, alhali riƙo ne. Duk waɗannan mun karanta su a darasin al'ada, wasunmu ma don cin jarrabawa kawai. A can kuwa saninsu yana iya hana a raba uwa da ɗanta.

Sai dai rabin sani ma yana da nasa haɗarin. Victoria Climbié yarinya ce 'yar shekara 8 daga Kwaddibuwa, wadda iyayenta suka ba wata 'yar'uwarsu riƙonta don ta yi karatu a Turai. Ta rasu a Landan a watan Fabrairun 2000 da raunuka 128 a jikinta. Binciken da Lord Laming ya jagoranta, wanda aka fitar a 2003, ya gano cewa an ɗauki yadda take ƙamewa a gaban mariƙiyarta a matsayin ladabin gidajen baƙaƙen fata. Faransanci ne harshen da ta fi ji, don haka rahoton ya ba da shawarar a riƙa neman tafinta ga yaron da Turanci ba harshensa ba ne. Wanda ya san riƙo da gaske ya san cewa a al'adarmu ɗan riƙo amana ne, kuma dangi sukan karɓe shi idan aka ci amanar. Shi ne zai iya bambanta kunya da firgici.

Wannan ya sa na daina kallon darasin al'ada a matsayin tarihin kakanni. Hausawa sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Haka ma kowace ɗabi'a a cikin gida tana da ma'anar da 'yan gida suka sani. Aikin yana buƙatar digiri a fannin, a ƙasashe da yawa har da lasisi, amma harshe da al'ada ba a koyonsu a taron bita na kwana biyu. Mu muna da su a hannu. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya samu damar ɗaukar darasi a sashen nazarin zamantakewa, kada ya raina. Allah Ya sa iliminmu ya amfani jama'a, amin.