Kango Mai Ƙarar Tamaula a Bompai

Mahaifina ya shekara goma sha tara yana aiki a wata masaƙa a Bompai. A lokacin muna zaune a Birget, kuma ba mu damu da agogo ba, domin jiniyar kamfani ce ke raba mana yini. In ta kaɗa da yamma, mahaifiyata ta san lokacin ɗora tukunya ya yi. Ina sakandare aka rufe masaƙar, aka sallami ma'aikata da alkawarin haƙƙoƙin da har yau wasu ba su gani ba.

Yanzu ina haya a Nassarawa GRA, tafiyar 'yan mintoci daga wurin. Wata Asabar cikin bazara na tsaya a bakin katangar, sai na ji ƙarar tamaula da ihun samari daga ciki. Ta wata ɓula suke shiga, su ɗan saka wa maigadi wani abu a hannu. Zauren da injinan saƙa suka taɓa cikawa ya zama fili mai inuwa, daɓensa siminti, rufinsa can sama, sun kafa duwatsu a matsayin raga. Babu gwamnatin da ta tsara musu wannan. Filayen unguwanninsu ne suka koma shaguna, su kuma suka nemi wa kansu mafita.

Abin ya tuna mini da Lina Bo Bardi, mai zanen gine-gine 'yar asalin Italiya da ta zauna a Brazil. A 1977 aka ba ta aikin wata tsohuwar masana'antar gangunan ƙarfe a unguwar Pompeia ta birnin São Paulo. Da ta je dubawa ta tarar mutanen unguwa sun riga ta: yara na wasa, iyalai na hutawa a cikin zaurukan. Sai ta bar ginin a tsaye, ta mayar da shi ɗakin karatu da zauren wasan kwaikwayo da wurin cin abinci, ta gina dogayen benaye na siminti a gefe domin filayen wasanni da wurin ninƙaya. An kammala a 1986, shekarar da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, wanda ya karya darajar naira, ya tsadar da kayan gyaran injina, ya fara durƙusar da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa. Rashin wutar lantarki da yadin fasa-ƙwauri suka ƙarasa sauran.

Kada a ce sai a nesa ake haka. A Tamale, arewacin Ghana, garin da ke da zangon Hausawa, mai zane Ibrahim Mahama ya sayi wani rumbun hatsi na siminti da aka yi watsi da shi tun bayan kifar da Nkrumah a 1966, ya buɗe shi a 2021 a matsayin cibiyar fasaha mai suna Nkrumah Volini. A nan unguwarmu ma akwai darasi: Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko ta Nassarawa a 1909, ginin ƙasa ne, amma yana nan tsaye a matsayin gidan tarihi saboda kullum ana shiga ana yaɓe. Ginin da ba a shiga, ko na kankare ne, ruwa da ɓarayin ƙarfe za su cinye shi.

Da na kai wa mahaifina wannan zance, ransa bai so ba. Ya ce, "Wurin da na ciyar da ku da shi za ku mayar filin ƙwallo? Aiki yaran nan ke buƙata." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Kuma gaskiyar ce. Idan akwai mai jarin da zai dawo da injina gobe, ni ne zan fara yi masa maraba. Sai dai shekara ashirin ke nan muna jira, rufin kuwa ba ya jira. Haya ta shekara goma ko sha biyar ba ta hana masana'anta dawowa, hasali ma ita ce za ta adana mata ginin.

Aikin yana da sarƙaƙiya, kuma gara a faɗe ta. Ta farko mallaka: yawancin kangayen nan na 'yan kasuwa ne, wasu kuma bashin banki ya riƙe su. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamna, kuma takardar mallaka takan fayyace abin da aka ba da filin dominsa, don haka sauya amfani sai da amincewar gwamnati da hukumar tsara birane, KNUPDA. Ta biyu lafiya: inda aka yi rini ko jima da sinadarai, dole a gwada ƙasa da ruwa kafin yaro ya taka, a kuma duba tsohon rufin asbestos. Ta uku kuɗin gudanarwa: cibiyar São Paulo tana rayuwa ne da wani kaso da 'yan kasuwa ke biya bisa albashin ma'aikatansu. Kano mai Kwari da Singa da Dawanau ba ta rasa masu hali, kuma mun san waƙafi tun kafin mu san kamfani. Ta huɗu yardar jama'a: a 2016 an soke shirin alƙaryar fina-finai a Kano bayan malamai da mutanen gari sun nuna adawa. Duk cibiyar da ba ta zauna da masu unguwanni da limamai da iyaye tun farko ba, ta ware wa mata ranaku da ƙofarsu, haka za ta ƙare.

Ina hango zauren nan da fitilun sola, gefe guda ƙwallon kwando da dambe, gefe guda ɗakin karatu da ajin koyon saƙa, inda tsofaffin ma'aikata za su zama malamai.

Makon jiya na roƙi mahaifina ya raka ni. Maigadin ya buɗe mana ƙaramar ƙofa. Baba ya taka a hankali har tsakiyar fili, ya nuna wasu ramukan ƙusa huɗu a daɓe, ya ce nan injinsa yake. Samarin suka dakata da wasa don girmamawa. Ya daɗe yana kallon rufin, sannan ya ce musu, "Kusurwar can tana yoyo tun zamaninmu. Ku samo kwano biyu kafin damina, zan nuna muku inda za a buga."