Ɗigon Shan Inna da Jirgin Dajin Rugu

A shekarar 2003, ta hanya uku labari ke shigowa ƙauyenmu na ƙasar Safana: rediyo, kaset ɗin wa'azi, da bakin direbobin da ke jigila tsakanin Dutsin-Ma da Batsari ranar kasuwa. Na rediyo shi ne mafi rauni. Magidanci zai kasa kunne da asuba, ya ji likita ya yi bayani tiryan-tiryan a BBC, ya gyaɗa kai. Da hantsi in wani ya sauko daga mota ya ce, "Wallahi a Kano na ji da kunnena," to likita ya sha ƙasa.

Ta haka maganar rigakafin shan inna ta iso mana. Aka ce an gauraya shi da maganin hana haihuwa, wasu suka ƙara da cewa har da ƙwayar ƙanjamau, duk don a rage yawan Musulmi. Kuma ba a tasha aka ƙago zancen ba. Dakta Ibrahim Datti Ahmad, likita kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Najeriya a lokacin, shi ya fito fili ya ce bai yarda da maganin ba. Gwamnatocin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. A wannan shekarar ce Amurka ta afka wa Iraƙi, ga Afganistan ba ta huce ba, saboda haka duk wanda ya ce Turawa na da mugun nufi a kanmu ba ya buƙatar doguwar hujja.

A wajenmu masu ɗigon ba su daina zuwa ba. 'Yan mata ne biyu ko uku cikin hijabi, ɗaya rataye da akwatin sanyi, ɗaya riƙe da alli don yi wa ƙofa lamba, sai ɗan rakiya daga gidan mai unguwa. Da an hango su daga bakin rijiya sai gida ya hargitse. Inna ta tura ƙanana bayan rumbu, ta ce kowa ya yi tsit. Ni da nake ɗan saurayi aikina shi ne in goya na ƙarshe in bi ta ƙofar baya in shige gona. Kawu kuwa yana zaure a kan buzunsa.

"Sannunku da aiki, 'yan mata. Babu yara a gidan nan."

"Baba, ga kukan jariri muna ji."

"Na maƙwabta ne."

Ba ya zaginsu, har ruwa yakan sa a kawo musu. Ranar da ɗan rakiyar ya matsa masa ne ya faɗi abin da ke cikinsa. Ya ce bara da damina zazzaɓi ya kama 'yarsa, ya ɗauke ta a keke ya kai asibiti, aka rubuta masa takarda aka ce ya je kemis ya sayo. Kafin ya haɗa kuɗin, rai ya yi halinsa. "Yau kuma an biyo ni har zaure da magani kyauta, na cutar da ban ce tana damuna ba, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. To, mi ya sa?"

Tambayar tana da amsa, kuma amsar ba ta da wuya. Tun 1988 duniya ta ɗaura niyyar kawar da shan inna kwata-kwata, kamar yadda aka yi wa agana. Kuɗin da Rotary da sauran masu ba da tallafi suke zubawa an ɗaure shi ne ga wannan cuta kaɗai, ba a sayen maganin zazzaɓi da shi. Kuma muddin ƙwayar ta rage a ƙauye ɗaya, tana iya komawa ko'ina, har ƙasashen masu kuɗin. Wato suna da tasu buƙata a ciki. Da an gaya wa Kawu haka, ina jin da ya fahimta, domin ɗan kasuwa ne, ya san ba a yin ciniki sai kowa na da riba. Amma abin da aka yi ta nanata masa shi ne don ƙaunar yaransa ake yi. Wannan kuwa ya riga ya gwada shi a bakin kemis.

Ga kuma abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau. Kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, a kan yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kawu bai san sunan maganin ba, bai san adadin yaran ba, amma ya san an taɓa yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Tsallen nan yara ne suka biya kuɗinsa. Kano ba ta koma rigakafi ba sai Yulin 2004, bayan an kawo magani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. A sanadin wannan tsaiko ƙwayar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Sudan da Yaman da ita kanta Indunusiyar. A 2006 yaran da ta kama a Najeriya sun haura dubu. A unguwarmu akwai yaron da ya kwanta da zazzaɓi ya tashi ƙafa ɗaya ta saki. Tsofaffi suka ce aljanar nan Inna ce ta shanye ta, aka yi ta turare da rubutun sha. Ban ji wanda ya haɗa ƙafar da akwatin sanyin da aka kora daga ƙofar gidan ba.

Daga baya na ci karo da binciken wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Jennifer Whitson da Adam Galinsky, wanda aka buga a 2008. Sun sa wasu mutane cikin yanayin jin cewa al'amari ya kuɓuce musu, sannan suka nuna musu hotunan ɗige-ɗige marasa siffar komai. Waɗannan mutanen sun fi sauran ganin siffa inda babu ita, sun kuma fi saurin zargin ƙulli a bayan abin da ya faru. Manomin da ba shi da iko da ruwan sama, ko farashin taki, ko abin da ke cikin kwalbar da ake ɗiga wa ɗansa, kullum a wannan yanayin yake kwana.

Akwai kuma ɗan daɗin da ba a cika faɗa ba. A majalisar ƙofar gidan mai shayi, wanda ya rage murya ya ce, "Ku ba ku san abin da ake ciki ba," nan take yake zama babba, ko da bashi ya sha shayin. Irin wannan zance kuma ba ya mutuwa da hujja. Da aka ce an auna maganin an ga lafiya lau ne, sai aka ce an saye masu awon. Kowace amsa sai ta koma ƙarin shaida.

Ba hujja ce ta sauya mutanenmu ba, fuska ce. Da hakimai da dagatai da limamai suka shiga aikin gadan-gadan, aka ga Yariman Katsina da Sarkin Ruma sun sa baki, aka ga liman ya buɗe bakin jikansa a bainar jama'a, sai zaure bayan zaure ya buɗe. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. A lokacin hankalinmu na wani wuri. Watanni shida kafin nan 'yan bindiga sun kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari.

Da wannan bala'in sabon labari ya zo, kuma na gane muryarsa tun daga nesa. Wai jirgi mai saukar ungulu yana sauka cikin Dajin Rugu da tsakar dare, ya sauke makamai, ya kwashi zinari. Daga Runka har Wagini kowa ya san wanda ya gani, amma in ka bi sawu sai ka tarar shi ma wani makiyayi ne ya gaya masa. Yanzu ba kaset, saƙon murya ne a WhatsApp. Shi ma yana da abin jingina: gwamnatin tarayya da kanta ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta kuma hana jirage shawagi a samaniyar jihar a 2021. Mai sauraro ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Na ga abu biyu da labarin jirgin ke yi wa zuciya. Yana ba wahalarmu girma. In manyan duniya ne ke son ƙasarmu saboda arzikin da ke ƙarƙashinta, to mu wasu ne, an san da zamanmu. Ya fi sauƙin haɗiya a kan a ce ba wanda ya ƙulla komai, an dai bar mu ne, kamar yadda aka bar 'yar Kawu. Na biyun ya fi ciwo. Jirgin yana ɗauke laifin daga cikin gari ya kai shi sama. Bindiga kuwa kan babur take shigowa ta iyakar Nijar, da kuɗin fansar da mu muka sayar da gona muka tara. Lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi a 2021, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita cinikin dabbobi a kasuwanni, ba matuƙin jirgi take nema ba. Tana neman mai kai burodi da mai, da infoma da ke buga waya ya ce wane ya sayar da shanu jiya. Wannan mutumin muna sahu ɗaya da shi a masallaci, kuma a majalisar mai shayi sau da yawa shi ya fi kowa iya ba da labarin jirgin.