GEMBU: KAFIN MUTUM YA ƊAURA KAYA ZUWA TSAUNIN MAMBILA

Duk shekara idan bazara ta kankama, zafi ya hana mutane barci a Yola da Maiduguri da Sakkwato, ba a rasa wanda zai yi ajiyar zuciya ya ce ina ma a Mambila yake zaune. Wani ya ji labarin wurin ne a bakin direban mota, wani kuwa hoto ya gani na tuddai kore shar da shanu suna kiwo a cikin hazo. Ga kuma wanda ba sha'awa ce za ta kai shi ba, takardar canjin wurin aiki ce ta iske shi a ofis, aka ce ya koma Gembu kafin ƙarshen wata. Dukansu tambayarsu ɗaya ce. Nawa zaman garin yake ci, kuma me mutum zai yi ya ci abinci idan ya je?

Gembu dai ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba, tana zaune a kan Tsaunin Mambila, daf da iyakar Nijeriya da Kamaru. Tsayin tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 daga gaɓar teku, watau ya ɗara na Jos nesa ba kusa ba. A arewa maso gabas da shi ne dutsen Chappal Waddi yake, mai mita 2,419, wanda babu dutsen da ya fi shi tsawo a ƙasar nan. Da can wannan yanki yana hannun Jamus ne, sa'an nan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma riƙon amanar Ingila. A shekarar 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Nijeriya, aka raɗa wa lardin suna Lardin Sardauna domin girmama Firimiya Sa Ahmadu Bello. Daga nan yankin ya zauna cikin Jihar Arewa maso Gabas, ya shiga Gongola a 1976, kafin a yanke Taraba a 1991.

HANYA ITA CE MAI YANKE FARASHI

Wanda yake so ya gane tsadar Gembu da araharta, to ya fara da hanya. Daga Jalingo tafiyar kusan kilomita 400 ce, ta Bali da Serti, har a kai Mayo Selbe a gindin dutse. Nan ne direba yakan tsaya ya duba birki, ya ƙara wa mota ruwa, domin abin da ke gaba ba wasa ba ne. Hanya ce mai lanƙwasa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun. Akwai wani hawa da ake kira Biyu da Sisi, wanda aka ce sunansa ya samo asali daga sule biyu da sisin da ake biyan lebura a zamanin Turawa. Idan aka gama hawa sai a ɓulla Maisamari, sa'an nan Nguroje, daga nan sai Gembu. Kafin a kai Maisamari fasinjan da ya taso da 'yar shara ya riga ya fara laluben rigar sanyi.

Babu jirgin ƙasa, babu kogin da jirgi zai hau da kaya. Duk abin da ba a noma shi a kan tsaunin ba, sai babbar mota ta yi nishi da shi a wannan hawa. Saboda haka kasuwar Gembu kashi biyu ce: abin da ya tsiro a bisa yana da araha, abin da ya hau daga ƙasa kuwa sai an biya masa kuɗin hawa.

A kashi na farko akwai masara, wadda ita ce abincin gari, da dankalin Turawa, da gwaza, da wake, da ayaba, da ganyayen miya iri iri. Fiya, wadda ake sayarwa ɗai-ɗai a Kano da Kaduna kamar kayan marmari na masu hali, a nan idan lokacinta ya yi tana zuba ne a gindin itace a bayan gida. Da damina nono da man shanu sun wadata, ga zuma. Mai iyalin da ya yarda ya ci abin da gari yake ci, tuwon masara da miyar ganye, zai ga cefanensa ya ragu ƙwarai. Kuɗin hayan ɗaki ma bai kai na Jalingo ba, ko da yake yawancin gidajen na jan bulo ne da rufin kwano, kuma mai neman gida mai ruwan famfo a ciki sai ya sha yawo.

A kashi na biyu kuwa akwai man fetur, da kalanzir, da siminti, da kwanon rufi, da takin zamani, da gishiri, da sukari, da shinkafa, da magani. Haka kuma kayan da bakin Bahaushe ya saba da su. Gero ba amfanin gonar wannan wuri ba ne, itacen kuka ma ba ya tsirowa a bisa, don haka mai kwaɗayin fura ko miyar kuka sai ya saya da tsadar baƙon kaya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya ninka a ko'ina cikin ƙasa, amma inda ya fi ciwo shi ne irin wannan gari da ke ƙarshen doguwar hanya guda ɗaya tak. Idan kuwa ruwa ya cinye gada ko ƙasa ta zabtare ta toshe hanya, kamar yadda yakan faru da damina, to kafin mako ya zagayo farashin kaya ya tashi, mai dankali kuma yana kallon nasa yana ruɓewa don ba motar da za ta sauka da shi.

SANYI MA YANA DA KUƊINSA

Sanyin da ake yi wa Mambila kirari da shi ba kyauta yake zuwa ba. Da rana ma'aunin zafi da wuya ya wuce 25, da dare kuwa, musamman a Disamba da Janairu, sai mutum ya haɗa bargo biyu. Ruwan sama yakan fara tun wajen Maris, ba ya ɗaukewa sai wajen Nuwamba. Ma'anar wannan ga aljihun magidanci ita ce rigunan sanyi ga kowane yaro, da takalman roba, da laima, da itacen da za a dafa ruwan wanka da na alwala safe da yamma. Wanki yakan kwana biyu bai bushe ba. Gaskiya ne sauro bai yi yawa kamar na kwarin Binuwai ba, kuma ba a bukatar fanka, amma abin da aka tsira da shi a nan yakan tafi wajen maganin mura da tari na yara a shekarar farko.

Sai batun wuta. Abin mamaki ne a ce tsaunin da sunansa ya cika jaridu saboda lantarki, yawancin masu sana'a a cikinsa da janareto da farantin hasken rana suka dogara. Tela da mai walda da mai injin niƙa duk da fetur ko gas suke aiki, man kuwa shi ma hawowa ya yi. Zuwa ƙauyuka kuma sai a kan babur ko tsofaffin motocin Land Rover waɗanda har yanzu su ne jakunan tsaunin. Shekara da shekaru mutanen ƙetaren Kogin Donga da kwalekwale suke tsallakowa zuwa Gembu da kayansu.

INA AIKIN YAKE?

Nan ne ake yawan yin kuskure. Araha ba ta amfanar wanda ba shi da abin saye. Babban mai ɗaukar ma'aikata a Gembu gwamnati ce: sakatariyar ƙaramar hukuma, makarantu, babban asibiti, da jami'an tsaro da na kan iyaka. Ayyukan ƙaramar hukuma kuwa, kamar ko'ina a ƙasar nan, 'yan asalin wurin ake fara dubawa, su ma ba su ishe su ba, shi ya sa samarinsu masu ilmi suke gangarawa Jalingo da Abuja. Wanda aka turo da albashinsa a hannu, malami ko ma'aikacin jinya ko ɗan sanda, shi ne ya fi kowa cin moriyar arahar abinci. Sai dai ya sani cewa duk wata takarda da ta maƙale a hedkwatar jiha, tafiyar yini guda ce zuwa, yini guda dawowa, kuma daga aljihunsa.

Akwai gonar shayi ta Kakara, wadda aka kafa a cikin shekarun 1970, inda ake sarrafa shayin Highland Tea. Ita ce masana'anta mafi girma a tsaunin, kuma ƙananan manoma na kewaye suna noma ganyen su sayar mata. Amma yawancin aikinta tsinkar ganye ne da hannu cikin raɓa da sanyin safiya, a biya mutum gwargwadon nauyin abin da ya tsinko. Aiki ne na mutanen ƙauyukan da ke kusa, ba wanda magidanci zai kwaso iyali daga Katsina dominsa ba.

Dukiyar tsaunin ta gaskiya shanu ne. Da yake babu ƙudan tsando a bisa, ga ciyawa kusan duk shekara, Fulani sun hau da garkunansu tun cikin ƙarnin da ya wuce, har wurin ya zama ɗaya daga cikin manyan makiyayan Nijeriya. Dillalai da mahauta da masu safarar shanu zuwa kudu suna samu. Amma fa baƙon da ya hango tuddai shimfiɗe ya zaci fili ne ba mai shi, ya yi babban kuskure. Kowane tudu da mai shi, wani ma an kewaye shi da waya, manoma kuma sun matsu a cikin kwaruruka. Rigimar ƙasa tsakanin manoma da makiyaya ta jawo zubar da jini a 2002, ta sake jawowa a 2017, aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa. Wanda zai sayi fili ko ya karɓi aron gona, wajibi ne ya bi ta hannun masu unguwa da hakimai da hukuma, ya kuma tambayi tarihin filin tun daga tushe. Matambayi ba ya ɓata.

Bayan waɗannan akwai itacen turare, wanda wasu ke kira zaiti, da aka shuka ko'ina a tsaunin, ana yanka shi katako ana lodi zuwa ƙasa. Akwai haƙar shuɗin dutse mai daraja a wajejen Nguroje, wadda ta ja samari da yawa. Kaɗan sun dace, da yawa sun koma gida da bashi, wasu rami ya rufta da su. Akwai kuma cinikin kan iyaka da Kamaru ta Dorofi da Mayo Ndaga, inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da kafuwa. Wannan ciniki yana tafiya ne da darajar sefa a kan naira, kuma rikicin yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru, wanda ya koro 'yan gudun hijira zuwa wannan yanki tun daga 2017, ya taɓa shi.

MADATSAR DA AKE JIRA

Ba za a yi maganar aiki a Mambila ba a ambaci madatsar ruwa ba. Tun cikin shekarun 1970 ake zancenta. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta sa hannu da kamfanonin Sin a kan kwangilar kusan dala biliyan 5.8 domin samar da megawat 3,050, aka yi ta lissafin dubban ayyukan da za su samu. Sai shari'a ta sarƙe aikin a kotun sasanci ta Faris, har a watan Janairu na 2025 tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Olusegun Obasanjo da Muhammadu Buhari, suka je suka ba da shaida. Yaran da aka haifa lokacin da aka fara zancen yanzu suna da jikoki. Duk wanda ya sayar da shagonsa ya hau tsauni don jiran wannan aiki, ya zubar da ruwan tulunsa ne don ya ga hadari.

To, wa zaman Gembu yake karɓa? Yana karɓar wanda ya zo da aikinsa a hannu, ko da sana'ar da ake nema, irin su gyaran babur da janareto, haɗa wutar hasken rana, aikin jinya, maganin dabbobi, da koyar da lissafi da kimiyya. Yana karɓar ɗan kasuwa mai jarin da zai iya jure wata guda hanya tana rufe. Yana karɓar mai haƙurin koyon Fulatanci, domin ko da yake ana jin Hausa a kasuwa, Fulatanci ne harshen da ya haɗa Mambilawa da Kaka da Panso da Kambu da Fulani. Yana kuma karɓar wanda ya iya bakinsa, ya san cewa shi baƙo ne a wurin da aka sha wuya kafin a sami zaman lafiya.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyyar ƙaura ya fara zuwa shi kaɗai, kuma ya zo a watan Agusta lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, kada ya zo a Disamba da gari ya yi kyau. Ya yi mako biyu, ya shiga kasuwa da takarda da alƙalami, ya tambayi kuɗin mudun masara da na galan ɗin fetur, ya haɗa da kuɗin motar da zai biya duk ranar da aka yi rasuwa ko biki a gida. Idan lissafi ya fita, sai ya koma ya ɗauko iyali, ya kuma sayo barguna tun daga ƙasa.