Daga Tashar Damagaram Zuwa Garejin Tanut

A ƙasar da ba ta da jirgin ƙasa mai jigilar mutane, kar ce sarauniyar hanya, kuma tana da masoyanta. Akwai samarin da ke gane kamfanin kar tun daga launinta a nesa, akwai wanda ƙarar inji kaɗai ta ishe shi ya faɗa maka ƙirarta. Ina cikin waɗannan, kuma wurin kawuna na gado, mutumin da ya tsufa a kan sitiyarin manyan motoci tsakanin Damagaram da Agadas. A Turai masu irin wannan sha'awa sukan haɗa kuɗi su bi gareji-gareji da masana'antu suna kallo. Mu ba mu da masana'antar ƙera kar, Tanut kuwa motocin cikin garinta su ne kabu-kabu da amalanke. Amma Kawu ya ce in dai ƙira nake son gani da idona, in biyo shi Damargu, ƙasar da Tanut take.

Kafin kiran assalatu muka fara zagaya farfajiyoyin kamfanoni a Damagaram. Rimbo, Sonef, STM, Al Izza, kowa da gidansa, da wurin salla, da tabarmin da fasinjan nesa ke kwana a kai. Ana lika wa kaya lamba, ana kiran sunaye daga takarda ɗaya bayan ɗaya, mai shayi na ta zuba. Motocin Yamai ne ke fara tashi, don kusan kilomita 900 ke gabansu. Yawancin kar ɗin da muka gani ƙirar Sin ce, Yutong ta birnin Zhengzhou da King Long ta Xiamen, injin a baya, sanyi a ciki. Kawu ya zagaya ɗaya, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Kyakkyawa ce, amma ba ita za mu shiga ba," in ji shi. "Wannan wuce gari take yi. Hiyas ce ke shiga gari."

Sai muka nufi tasha. Hiyas ɗin da muka samu ta riga ta ci shekarunta a wata ƙasa kafin ta sauka a tashar jirgin ruwa. Da ta Kwatano ake shigo da irinta, amma tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, farashi ya bi su. Toyota ba ta ƙera ta don mutum 19 ba, masu walda ne suka ƙara benci, suka ɗora mata shimfiɗar ƙarfe a kai. Sai da ɗan kamasho ya cika ta, karen mota ya ɗaure buhuna da wani babur a sama, sannan direba ya fito daga rumfar shayi.

Hanyar ita ce RN11, yanki na babbar hanyar da ta ratsa Sahara daga Aljas zuwa Legas. Bayan tafiyar kamar kilomita 50 sai ga bututun matatar mai ta SORAZ da harshen wuta a kansa. An buɗe ta a watan Nuwamba na 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na Sin na da kashi 60, gwamnatin Nijar na da 40. Mutane kan ce matatar Damagaram, alhali a ƙasar Olelewa take, cikin gundumar Tanut. Direbanmu ya ce shekara da shekaru yana wuce ta da man kwalba na ƴan bumburutu a tankinsa, sai da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya koma bin gidan mai.

Bakin Birji, Sabon Kafi, sauke wannan, ɗauki wancan. Itatuwa suka fara tazara, gonakin hatsi suka shimfiɗu har iyakar gani, rumbuna a bakin kowane ƙauye. Tun zamanin ayari Damargu ke ciyar da Abzin: Buzaye su sauko da gishirin Bilma da dabino, su koma da gero. Motoci suka gaji hanyar, har ma da kayan.

Tanut tana kusan kilomita 140 daga Damagaram. Ba mu nemi masauki ba, garejin wani tsohon yaron motar Kawu muka wuce. Fili ne da katangar laka, rumfar kwano, ramin da ake shiga ƙarƙashin mota, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai. Mai garejin, wanda shi ma furfura ta fara kama shi, ya ajiye sifana ya durƙusa.

"Maigida, sannu da hanya. Ba a aiko ba?"

"In na aiko ai sai ka share wurin, ɗana kuwa dattin ya zo gani."

Abin da ke kan aiki a ranar wata Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984. An sauke mata ƙafafun baya, sifirin na zube a ƙasa. Mai garejin ya nuna mini yadda suke ƙara masa ganye, su sa maƙeri ya lanƙwasa su daidai da na asali, don motar ta ɗauki lodin da injiniyan Japan bai taɓa lissafawa ba. An ɗaga mata bodi da ƙarafa, an sa sanduna a gefe inda fasinja zai riƙe, an haɗa tanki na biyu. Injinta mai silinda shida ne na gazuwal, wanda ake kira 1HZ, ba kwamfuta a jikinsa ko ɗaya. Wani almajirin gareji yana busa matatar iska, ƙura na tashi. Mai garejin ya ce lokacin hunturu, in ba a yi haka a kai a kai ba, ƙura ce ke cinye inji tun kafin hanya ta cinye shi.

Nan na fahimci abin da ya sa Kawu ya kawo ni. Duk motar da ke aiki a Damargu sau biyu aka ƙera ta. Ta farko a wurin masu ita, ta biyu a fili irin wannan, a hannun mutanen da suka san nauyin buhun gero da zurfin rairayi. Ba na cewa duk abin da suke yi daidai ne. Motar da aka ƙara wa ƙarfin ɗauka ba a ƙara mata ƙarfin birki ba, kuma lodin da ya yi tsayi shi ke kifar da ita a kwana. Na faɗa wa mai garejin haka. Bai musa ba, ya ce in je in gaya wa mai motar da ke biyan kuɗin makarantar ƴaƴansa da yawan buhu.

Kayan gyara daga Damagaram suke zuwa, abin da ya gagara kuma a aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa. Ana ɗaukar hoton abin da ya lalace a tura ta WhatsApp, a biya kuɗi, a damƙa wa direban da ya saba. Matsalarsu sabbin kar ce. Ya ba mu labarin wata da ta mutu a bakin gari da fasinja cike, ba wani abu ya karye ba, na'ura ce ta hana inji tashi. Duk gwanayen garin suka taru suna kallonta, sai da aka turo mai kwamfuta daga nesa.

A bayan garejin akwai gangar jikin wata Berliet, ba taya, ba gilashi. Kawu ya daɗe tsaye a kanta. Irinta ya fara tuƙawa. Ya ce kamfanin na Liyon ne a Faransa, kuma shi ne ya aiko motocin da suka ratsa Tenere a 1959 zuwa 1960 don nuna cewa babbar mota na iya bin rairayi. A 1978 aka haɗe shi da Saviem a ƙarƙashin Renault, sunan ya ɓace daga goshin motoci. Wannan kuwa ba ta ɓace ba, rarraba ta aka yi. Maƙera sun kwashe sifirinta sun yi gatura da wuƙaƙe, kwanon jikinta ya zama ƙyaure da murhu, tankinta na ajiye ruwa a wani gida. Ƙananan motoci ma haka suke ƙarewa: kusan kowace amalanken jaki da ke kai ruwa a Tanut tana tafiya ne a kan ƙafar wata mota da ta mutu.

Washegari aka mayar wa Land Cruiser ƙafafunta, mai ita ya ce zai ci wata kasuwar ƙauye yamma da gari, wajen ƙasar Tarka, inda Belbeji take, wadda aka ba ta gundumarta a 2011. Kawu ya samu gaba don girmansa, ni na hau bisa buhuna tare da wasu Fulani da wata tsohuwa mai ƙwaryar man shanu a cinya. Da muka bar kwalta direba ya tsaya, karen mota ya sauka ya rage iskar tayoyi huɗun, don taya mai laushi ta fi shimfiɗuwa a kan rairayi. Duk da haka a wani kwari muka kafe. Ba wanda ya yi ƙorafi. Maza suka diro, aka tone gaban tayoyi da shebur, aka cusa faranta biyu na ƙarfe, aka tura. Tsohuwar ba ta sauka ba, ta ce ta biya kuɗin zama ne, ba na turi ba.

Mun isa kasuwa da hantsi. Kafin a gama sauke kaya Kawu ya shige ƙarƙashin motar yana ƙirga ganyen sifirin da yatsa, ya fito ya ce wa direba an ƙara ɗaya fiye da kima, shi ya sa take wurgi da na baya. Direba ya ce, "Baba, da dawowa buhu nawa kake tsammani zan ɗora?" Suna cikin wannan gardama wani dillali ya iso da raguna shida da yake so a kai masa Tanut kafin la'asar, aka koma cinikin kuɗin kowane kai.