Dashen Babbar Bishiya

A lambunan Dangora, dashen ƙaramin mangwaro ba ya wahala: a tono shi da ƙasar gindinsa farkon damina, a shayar, ya kama. Babba kuwa sai an rage masa rassa, an datse saiwoyinsa tun watanni kafin ranar, kuma duk da haka yakan bushe.

Haka nake kallon dattawan da aka tasa saboda madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. 'Ya'yansu sun saba da sabon matsuguni, su kuwa wasunsu har suka koma ga Allah suna ambaton gonakin da ruwa ya cinye. Ai Sayyidina Bilal (RA) ma, da zazzaɓi ya kwantar da shi a Madina bayan Hijira, begen Makka ya riƙa yi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.