BAƘIN GILAS DA ZAFIN BAZARA

Mu marubuta mun daɗe muna yi wa baƙin gilas talla kyauta. Da wuya ka buɗe littafin soyayya ba ka tarar da wata dalleliyar mota ta tsaya a ƙofar gidan su yarinya ba, gilasanta baƙi wuluk, sai a hankali a zuge, sanyi da ƙamshi su bugi budurwa. A littafi ba a taɓa faɗin nawa aka sayi ledar, balle yadda ta koma bayan bazara biyu.

Ni dai ba gayu ne ya kai ni wajen masu manna leda ba. Hajiyarmu aka yi wa aikin yanar ido, hasken rana yana damunta, ni ce kuma mai kai ta asibiti. Wanda ya san Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 a ma'auni, ya san mota ba ta da maraba da tanda.

Shago uku na shiga, kowanne da fitilarsa mai jan haske. Za a ce ka kara hannu ka ji zafi, sai a gitta ledar, ka ji zafin ya ɗauke kamar an yi ruwa. Mai shagon farko ya dube ni ya ce, "Hajiya, kin ji da hannunki. Kashi 99 take tarewa." Na ce, "Malam, kashi 99 na me?" Sai ya miƙo min kwali.

To a nan gizo ke saƙa, mai karatu. Abin da rana ke aiko mana iri uku ne. Akwai hasken da ido ke gani, akwai wani da ba a gani amma fata na jin ɗuminsa, wanda shi ne kusan rabin duka, sai ɗan kaɗan mai ƙona fata da koɗar da kujeru. Wannan na ƙarshen kusan kowace ledar kirki tana tare kashi 99 nasa, don haka ba abin tutiya ba ne. Fitilar shago kuwa yawancin abin da take fitarwa mai ɗumin nan ne, an zaɓo wa ledar abokin kokawar da ta fi iya kayarwa. Rana ba ta san da wannan yarjejeniya ba, domin hasken da ake gani shi ma zafi yake zama in ya faɗa kan kujera. Adadin da ya haɗa duka ukun shi ne wanda ake rubutawa da haruffan TSER a jikin kwali, kuma ko leda mai tsada da wuya ta wuce 60 da 'yan kai. Kwalin da babu wannan adadi a jikinsa, ni kam ajiye shi na yi.

Ledar ma suna ta tara. Ta rini ita ce mai araha, ita ce kuma kake gani ta koma ruwan makuba tana kumbura ƙuraje-ƙuraje a gilashin baya. Mai ƙarfe a ciki tana korar zafi sosai, amma takan raunana sabis ɗin waya. Wadda ake kira siramik ba ta da wannan matsalar, tana iya zama da haske kuma ta fi baƙa ƙirin aiki, sai dai kuɗinta, kuma kowa yana iya rubuta sunan a kwali.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne lambobin nan, 5, 20, 35, 70. Yawan hasken da ke ratsawa suke nufi. Mai lamba 5, wadda samari ke rububi, kashi biyar kacal take bari ya shigo. Ka tuna lungunanmu bayan isha'i in an ɗauke wuta: ɗan garuwa da kurarsa, A Daidaita Sahu marar fitilar baya, yara na dawowa daga makarantar dare. Direban da zai yi kwana ko ya ja da baya ta wannan gilas lalube yake yi, kuma ba shi zai kwana a asibiti ba.

Ga kuma hukuma. Tun 1991 akwai dokar da ta hana baƙin gilas a Najeriya sai da dalilin lafiya ko tsaro, da izinin 'yan sanda. A 2025 rundunar ta dawo da bayar da takardar izinin ta intanet, har ƙungiyar lauyoyi ta kai ta kotu. Babu mai shagon da ya tayar min da wannan zance, sai da na tambaya. Shi ya sa takardar likitan Hajiya ba ta barin motar.

A shago na uku na tsaya, na zaɓi mai haske-haske, wadda na waje zai iya ganin fuskar na ciki. Yaron da ya manna ta ya wanke gilasan tas, ya kashe fanka saboda ƙura, ya ce kada a zuge gilas sai bayan kwana uku, ƴan kumfan ruwan da nake gani kuma za su bushe da kansu. Maigidansa ya ce garantin shekara goma ne. Na ce, "Alhaji, a rubuta min a rasit." Ya yi dariya, ya ɗauki biro ya rubuta shekara biyu, ya buga hatimi.