Cinikin Gindin Tsamiya

Ranar 14 ga Fabrairu, 2022, malaman jami'o'in gwamnati suka shiga yajin aiki. An ce na gargaɗi ne, mako huɗu kacal. Na tattara komatsaina na koma gida Bauranya da jaka ɗaya da litattafai uku da wani malaminmu ya ara mini, domin a lokacin ina ajin ƙarshe, kuma kundin bincikena a kan ƙungiyoyin ma'aikata ne. Ban sake zama a aji ba sai bayan tsakiyar Oktoba. Bazara ta same ni a gida, damina ta faɗi, har aka fara yankan gero ina nan.

Littafi na farko na Robin Cohen ne, na 1974, a kan ma'aikata da siyasa a Nijeriya. Na biyu na Paul Lubeck, na 1986, a kan Musulunci da leburorin masana'antun Kano. Na uku na wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, na 1998, a kan ƙarfin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu. A zauren gidanmu na cinye su, ina kora ƙuda da hannu ɗaya, ina rubutu da ɗaya. Na kwana na tashi da Michael Imoudu da yajin aikin gama-gari na 1945, lokacin da jiragen ƙasa suka tsaya cik har kwana 44 saboda tsadar rayuwar da yaƙin duniya ya haifar, sai da gwamnatin mulkin mallaka ta kafa hukumar da ta amince da ƙarin albashi a 1946. Na haddace ranar 18 ga Nuwamba, 1949, da 'yan sanda suka bindige mahaƙa kwal 21 a Inugu. Da dare in je majalisa in yi ta zuba wa abokaina, har suka laƙaba mini suna Kwamared. Ban ji haushin sunan ba ko kaɗan.

Akwai wata kalma da ta cika litattafan nan, wadda Beatrice Webb ta ƙirƙira a Ingila a 1891. Ma'anarta ita ce ma'aikata su daidaita lada da ubangidansu da baki ɗaya, maimakon kowa ya je shi kaɗai a murƙushe shi. Na yi kwanaki ina neman Hausarta, daga ƙarshe na kira ta cinikin gayya. Na yi alfahari da wannan fassara kamar ni na gina abin da take nufi.

Sai ruwa ya zauna, aka yi shuka, lokacin noman firi ya yi. A shekarar ciwon ƙafa ya kwantar da Baba. Ya kira ni ɗakinsa ya miƙo mini naira 20,000, kuɗin akuyar Inna da aka sayar, ya ce mutum shida na kwana uku za su gama gonar gero da ta dawa. Lissafinsa na bara ne: naira 1,000 daga safe zuwa azahar, da fura.

Bayan sallar asuba na nufi gindin tsamiyar da 'yan ƙwadago ke taruwa, kowa da fartanyarsa a kafaɗa. Na san su duka. Akwai wanda muka yi makarantar allo tare. Babbansu, wani magidanci mai ƙarancin magana, ya amsa gaisuwata da fara'a, sannan ya ce, "Ɗan Malam, bana 1,500 ne." Na yi dariya, na juya ga na kusa da shi. Ya ce 1,500 ne. Na uku ma haka. Na kawo maganar rashin lafiyar Baba, suka yi masa addu'a da zuciya ɗaya, amma farashi bai motsa ba. Babban nasu ya lissafa mini kuɗin tiyar gero da na sabulu da na maganin zazzaɓi, bai ɗaga murya ba. Ashe sun zauna tun kafin ruwan shuka sun ƙulla magana.

Na dawo gida ina lissafi: mutum shida, kwana uku, naira 27,000. Ciyawa kuwa ba ta san lissafi ba. Wanda bai yi noma ba zai ɗauka jinkirin mako ɗaya ba komai ba ne, alhali a makon nan ne harƙiya ke rufe ƙaramin gero ta shanye takin da aka ci bashi aka saya. Ƙarfin ɗan ƙwadago duka a cikin 'yan kwanakin nan yake. Da rani babu mai nemansa, a makon firi kuwa kowa shi yake nema. Wannan shi ne ainihin abin da ma'aikatan jirgin ƙasa suka riƙe a 1945, kuma na karanta shi na ja masa layi, amma da ya tsaya a gabana da fartanya ban gane shi ba.

Abin da na yi a daren nan shi ne dalilin wannan rubutu. A cikinsu akwai wani saurayi da matarsa ke da tsohon ciki, na kuma san bashi ya yi masa katutu. Na same shi a ƙofar gidansu bayan isha'i, na ce zan ba shi 1,200 da tiyar gero ɗaya a ɓoye, in ya zo da mutum biyu. Ya daɗe yana tonon ƙasa da yatsan ƙafa kafin ya ce to.

Da safe shi kaɗai ya zo. Yana cikin kunya ta uku sai ga sauran sun biyo hanyar gefen gona za su aikin wani. Ɗaya bayan ɗaya suka gaishe ni, suka tambayi jikin Baba. Babu wanda ya ce wa yaron sannu. Bai ɗago kai ba har suka ɓace, fartanyarsa dai na ta sauka da ƙarfin da aikin bai buƙata ba.

Kafin azahar labari ya kai wa Kawu. Yayan Inna ne, ya yi shekara 19 a wata masaƙa a Kaduna, har ya zama wakilin ma'aikatan sashensu. Da masaƙar ta rufe ya dawo gida ba tare da cikakken hakkinsa ba, yana sayar da goro a faifai, katin ƙungiyarsa na nan a cikin wani gwangwani tare da takardun gona. Tun dawowata nake yi masa karatun litattafaina, yana gyaɗa kai, wani lokaci ya gyara mini sunan wuri. Ya tarar da ni a inuwar gawo, ya zauna, ya ɓare goro, sannan ya ce, "Ɗana, mu a Kaduna muna da sunan da muke kiran wanda ya yi abin da yaron can ya yi, kuma ba suna mai daɗi ba ne. Wanda ya saye shi kuwa ba mu wahalar da kanmu neman masa suna ba. Manaja muke ce masa."

Na ce, "Kawu, kuɗin ne ba su kai ba."

Ya ce, "Haka shi ma yake cewa. Wani lokacin ma gaskiya yake faɗa."

Da na koma zaure na buɗe littafin Andrae da Beckman a inda suka kwatanta Kaduna da Kano. A manyan masaƙun Kaduna ƙungiya ta yi saiwa, ana zama a tebur a sa hannu. A yawancin na Kano kuwa masu kamfani sun fi son ɗaukar mutum ta hannun wanda ya san shi, su riƙe shi da alheri da tsoro, don kada ya haɗa kai da ɗan'uwansa. A littafin rubutuna na tarar na rubuta kalma ɗaya a gaban wannan bayani: zalunci. Da hannuna na rubuta, wata uku kafin in je ƙofar gidan yaron nan.

Duk da haka ba zan ce litattafan sun faɗi komai ba. Lubeck ya matso kusa da mu, domin leburorinsa na Kano 'yan ƙauyuka irin namu ne, 'yan cin rani da tsofaffin almajirai, kuma ya nuna yadda suka tashi da kansu neman ƙarin albashin Adebo a 1971. Amma ko a wurinsa akwai ƙofar masana'anta, akwai mai ita. A Bauranya wanda ya ɗauki 'yan ƙwadago ranar Talata yana iya zama ɗan ƙwadago ranar Laraba, yayana ma ya sha yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmar kanta. Kullum rediyo na ambaton Ƙungiyar Ƙwadago, wadda aka kafa a 1978, da sunan aikin mutanen gindin tsamiya ake kiran ta. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, mai naira 30,000, ta ware ma'aikatan noma na lokaci-lokaci da duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Kawu ne ya shimfiɗa tabarma a zaurenmu a daren. Babban 'yan ƙwadago ya zo da mutum biyu. An daɗe ana gaisuwa, an taɓa maganar ruwa da ta taki, kafin a shiga batu. Farashi bai sauka ba, 1,500 ɗin nan dai, amma suka yarda a ba su 1,000 a hannu kullum, sauran 500 a biya da gero da kaka bisa farashin kasuwa na ranar. Na ɗauka an gama, sai babban nasu ya ce saura sharaɗi ɗaya: yaron da ya yi mini wuni a kan 1,200 a cika masa 300, kuma yana cikin waɗanda za su zo gobe. Kawu ya dube ni. Shi ma ya kawo nasa sharaɗin, cewa mutum biyar za a ɗauka, na shida Kwamared ne. Aka shafa fatiha. Ba a rubuta komai ba. A daidai lokacin, rigimar da ta zaunar da ni a gida a kan yarjejeniyar 2009 ce, mai ɗauke da sa hannun manya.

Kwana uku na yi ina bin kunya a bayansu. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, kuma kullum yaron nan ne ke juyowa ya ƙarasa mini kunyata ba tare da ya ce uffan ba. Da kaka na auna musu geronsu da kaina kafin in koma makaranta.

Na sa labarin a babi na huɗu na kundina. Malamin da ke duba ni ya karanta, ya ce abin ya burge shi, amma ba a kafa hujja da abin da mutum ya tuna shi kaɗai. Ya ce in cire, in kuma Allah ya nufe ni da digiri na biyu, in koma da na'urar ɗaukar magana in yi hira da mutanen yadda ya kamata. Na cire.

Da daminar da ta biyo bayan kammala karatuna na je gindin tsamiya da wayata da takardar tambayoyi. Na yi wa babban nasu bayani, na ce safiya ɗaya kawai nake buƙata. Ya saurare ni har ƙarshe, ya dubi sama inda hadari ke haɗuwa, ya gyara fartanyarsa a kafaɗa.

"Ba laifi, ɗan Malam," in ji shi. "Sai dai safiya bana 2,500 ce. Kuma ba ni kaɗai zan zo ba."